Bashi na shekara shida, saƙo na kwana talatin

Jama'a, yau maganata da masu ba da kaya bashi ce, da masu karɓa, da dillalan da ke tsakaninsu, tun daga Bawku da Pusiga da Kulungugu har zuwa Yandi da Tatale da Salaga. Ko shakka babu wayar hannu ta sauƙaƙa mana fatauci ƙwarai da gaske. Albasar da ake lodi a Galmi, kafin mota ta ratso Burkina mai kaya ya riga ya ji farashin Kumasi, haka mai doya a Salaga ba sai ya ɗaura kuɗi a ƙugu ya shiga jirgin ruwa a Makango yana waige-waige ba. Wannan ni'ima ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma gidan jiya. To amma akwai wani aiki da muka ɗora wa wayar nan wanda ba dominsa aka ƙera ta ba, wato aikin littafin bashi.

A da idan aka yi ciniki mai nauyi sai maigida ya zauna, a kira shaidu, malam ya jawo tawada. Yau kuwa sai dai ka ji an ce, "Ai yana cikin wayata." Buhu nawa aka sauke, nawa aka biya, saura nawa, yaushe za a cika, duka suna cikin saƙon murya na WhatsApp da tes ɗin MoMo. A shirin da nake gabatarwa a gidan rediyonmu, da wuya wata ya wuce ba a bugo mana da irin wannan kuka ba: an yi ciniki cikin mutunci, an zo lissafi an sami saɓani, an ce a ɗauko waya, sai a tarar ta faɗa ruwa, ko an zare ta a tasha, ko kuwa saƙon yana nan amma ya ƙi buɗuwa. Daga nan sai rantse-rantse, sai zaure gaban Sarkin Zango, wani lokaci har caji ofis, zumuncin shekara ashirin ya wargaje a kan buhu bakwai.

Duk wanda zai ba wani ajiya, tambaya biyu yake yi. Ta farko, har yaushe za ka riƙe mini? Ta biyu, ranar da na zo karɓa, zan same ta cif yadda na ba ka? Ba ma barin buhun masara a sito ba mu yi waɗannan tambayoyi ba, amma mun bar lissafin dubban sidi a hannun kamfanonin da ba mu taɓa ganin ƙofar ofishinsu ba, ba tare da mun yi ko ɗaya ba.

Bari mu ɗauki ta farkon. Kamfanin WhatsApp da bakinsa ya bayyana a cikin ƙa'idojinsa cewa ba ya ajiye saƙon da ya riga ya isa ga mai shi. Da zarar ya miƙa, sai ya share nasa. Idan kuwa wayar wanda aka aika wa tana kashe ko babu sabis, zai riƙe saƙon yana jira har kwana 30, in ba a karɓa ba ya goge. Ma'ana dai masinja ne, ba ma'aji ba. Saƙon da Alhaji yake tutiya da shi a wuri biyu kaɗai yake kwana, wayarsa da wayar abokin cinikinsa, kuma idan rigima ta tashi ka san ba za ka sa ran ɗaya ɓangaren ya adana maka hujjar da za ta kayar da shi ba. Hoto da murya ma haka abin yake, kamfanin yana riƙe su na ɗan lokaci ne kawai, shi ya sa idan ka koma kan tsohon hoton da ba ka sauke ba sai waya ta ce ka nemi wanda ya aiko ya sake turowa. Bugu da ƙari, lambar da ta yi kimanin kwana 120 ba ta hau WhatsApp ba, kamfanin kan rufe asusunta.

Wani zai ce ai akwai ajiyar da waya ke yi da kanta a wajen Google. Gaskiya ne akwai, amma ga wanda ya kunna ta, kuma ya san adireshinsa da kalmomin sirrinsa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muka san su? Yawancinmu yaron da ke shagon gyaran waya ne ya buɗe mana a ranar da muka sayi wayar, ya rubuta abin da ya ga dama, yanzu ma ƙila ya koma Akra ko ya tsallaka Libiya. Shi kansa Google ɗin, daga watan Disamba na 2023 ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba yana iya share shi da duk abin da ke ciki. Kuma gurbin da yake bayarwa kyauta yana da iyaka, idan bidiyon biki da na wa'azi suka cika shi, sabuwar ajiya ta tsaya ke nan, mai waya bai sani ba.

Kwana talatin yana da yawa ga mazaunin birni, ban musa ba. Amma mu tuna abin da ya faru a jihar Zamfara ta Najeriya, inda hukuma ta rufe layukan waya a farkon watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, kuma a ƙananan hukumomi da yawa ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Wasu sassan Katsina da Sakkwato ma sun ɗanɗana. Duk saƙon da aka aika wa mai shanu a can a makon farko, in bai fito ya nemi sabis a wani gari ba, ya ƙare wa'adinsa tun kafin a buɗe. A nan maƙwabtanmu Burkina an katse intanet na wayar hannu kusan mako guda a Nuwamban wannan shekarar. Mu ma a Gana ba mu manta ranar 14 ga Maris na 2024 ba, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, aka kwana ana lalube. Su kuwa mutanen Bawku, da dokar hana fita da rufe shaguna da ƙaurar da wasu suka yi ba shiri a 'yan shekarun nan, ba sa bukatar a ba su labarin yadda mutum ke rabuwa da wayarsa da takardunsa a dare ɗaya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.

Ga kuma halin da ya keɓanta da mu 'yan bakin iyaka. Mutum ɗaya yana da layin Gana, da na Togo, da na Burkina, wani har da na Nijar, yana cire wannan yana sa wancan. Shi tes na yau da kullum, irin wanda MoMo ke aikowa, ba ya ma kai kwana talatin yana jira, kwanaki kaɗan ne kamfani ke ta gwadawa sannan ya haƙura. Ka tsallaka Sankasi ko Bitu ka yi mako biyu layinka na Gana yana cikin aljihu, a turo maka kuɗi sau uku, kuɗin sun shiga amma shaidar wanda ya turo da ranar da ya turo ba ta iso wayarka ba. Sai ka dawo ka ga adadi ya ƙaru, ka shiga kintace.

Layin ma kansa ba gadon gidanmu ba ne. An fara sabunta rajistar layuka da Katin Gana ranar 1 ga Oktoba na 2021, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa 31 ga Mayu na 2023, daga nan aka rufe miliyoyin layuka. Mun san irin wahalar da mutanen zango da makiyaya suka sha kafin su sami katin, da yadda wasu suka yi rajista da sunan ɗa ko ƙane ko maƙwabci don dai kada layi ya mutu. To yau idan ka je ofishin kamfani neman cikakken bayanin kuɗin da suka shiga wannan layin, wanda sunansa ke kan rajista shi za su saurara. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma, kamfani kan karɓe lambar ya sayar wa wani.

Wannan ke nan game da tsawon ajiya. Amma a ganina tambaya ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin kuwa saƙon da ya ɓace kowa ya san ya ɓace, shi kuwa wanda ya iso da giɓi yana nan a gabanka kamar cikakke, kana gina lissafi a kansa.

Alal misali, Hajiya mai tumatir ta aika wa dillalinta murya guda huɗu a jere. Ta farko gaisuwa, ta biyu farashi, ta uku sharaɗin cewa in kaya sun kwana a hanya za a rage, ta huɗu sallama. Sabis yana rawa a inda dillalin yake, uku suka sauka, ta ukun tana ta juyawa, shi kuma mota tana jiransa. A wajensa ciniki ya faɗa babu sharaɗi, a wajenta da sharaɗi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma babu wanda zai yarda. Alamar nan ta gefen saƙo ma da yawanmu ba mu tsaya mun fahimce ta ba. Guda ɗaya tana nufin saƙo ya bar wayarka ne kurum, biyu ya isa wayarsa, sai sun zama shuɗi ne ake cewa ya buɗe, kuma buɗewa daban, saurara har ƙarshe daban.

Shi tes kuwa, asalinsa haruffa 160 ne yake ɗauka. In ya wuce haka sai a yanka shi gida-gida a aika, wayar mai karɓa ta ɗinke. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa na Hausa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, ko ka yi rubutu da harufan Larabci, sai ma'aunin ya faɗo zuwa haruffa 70. Wato harshenmu ma ya fi saurin yankuwa. Hoton takardar kwastan ko ta lodin mota da ake turawa, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, sai ka buɗe ka kasa bambance 3 da 8. Rasit ɗin nan mai santsi da ƙananan injina ke fitarwa, ba tawada ce a jikinsa ba, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa in ya yi 'yan watanni a aljihun mota cikin zafin Bawku sai ka ciro farar takarda.

Sannan a sani cewa saƙon zamani yana canza kama bayan an aika shi. Tun 2017 WhatsApp ya ba mai aikawa damar goge saƙonsa daga wayar wanda ya aika wa, kuma daga 2022 damar ta kai kimanin kwana biyu. A 2020 aka kawo saƙo mai ɓacewa da kansa, wanda yanzu ana iya sa masa wa'adin sa'a 24, ko kwana 7, ko kwana 90, kuma ɗayanku kaɗai ya isa ya kunna shi. A 2023 aka ƙara damar gyara rubutu cikin minti 15 bayan aikawa. Ban ce an yi waɗannan domin cuta ba, masu hira da iyalansu suna jin daɗinsu. Amma wane ɗan kasuwa ne zai yarda da littafin bashin da wanda ake bi yake da ikon yage shafi daga cikinsa yana zaune a gidansa?

Shaidar MoMo ta fi waɗannan ƙarfi, tunda kowace turawa tana da lambarta kuma kamfani yana da rijistarsa. Sai dai mu da kanmu muke rage mata ƙarfi. Lokacin da aka kawo harajin tura kuɗi a watan Mayu na 2022, mutane da yawa suka koma kai kuɗi hannu wajen wakili ya zuba kai tsaye a layin wanda za a biya, wasu kuma suka riƙa gutsuttsura biya. An soke harajin a Afrilun 2025, amma ɗabi'ar ta zauna. To in wakili ne ya zuba, sunan shagonsa ne zai fito, ba naka ba. Gurbin da aka tanada don a rubuta dalilin biya kuwa, sai mu danna 1 mu wuce. Bayan wata takwas wa zai tuna ko sidi dubu biyun nan na albasar bara ce ko ta shanun Sallah? Ba a ma maganar 'yan damfara masu ƙirƙiro tes mai kama da na kamfani, waɗanda maganinsu ɗaya ne, ka duba abin da ke cikin asusunka kafin ka saki kaya.

Wannan matsala ba da wayarmu ta fara ba. Tun a 1979 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Duke ta Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, suka tsara hanyar da kwamfutoci za su riƙa miƙa wa juna saƙo daga wannan zuwa waccan, kamar yadda ayari ke sauka zango-zango, aka sa mata suna Usenet. Kowace kwamfuta tana riƙe saƙo na wasu kwanaki, in wuri ya cika ta zubar da tsofaffi. Babban kaya kuma sai an daddatsa shi gunduwa-gunduwa, in guda ta salwanta a hanya sauran sun zama banza. Don haka kamfanonin da ke sayar da wannan hidima, lambobi biyu suke tallatawa: kwana nawa suke riƙe saƙo, da kuma kashi nawa cikin ɗari ke isowa cikakke. A farkon shekarun 2000 kwanaki ne ko 'yan makonni, yanzu manyansu suna iƙirarin sama da kwana 5,000. A wajajen 2001 masu amfani da hanyar suka ƙirƙiro dabarar haɗa kaya da wasu ƙarin gunduwoyi na faci, ta yadda in wani yanki ya ɓace za a iya sake gina shi. Abin da na ɗauka a nan shi ne, su masu saye sun tilasta wa masu sayarwa faɗin waɗannan lambobi a fili. Mu kuwa ko tambaya ba mu yi ba. Kuma saƙonnin farko-farko na wannan hanya, na 1981 zuwa 1991, ba wani kamfani ne ya tsirar da mafi yawansu ba, wani ma'aikaci ne a Jami'ar Toronto ta Kanada mai suna Henry Spencer ya yi ta naɗe su a faya-fayai 141 ya adana.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar malam a Salaga ko Yandi ya san littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi. To me ya hana su cakuɗewa? A ƙasan kowace warƙa marubuci yana rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye. In iska ta watsa su, almajiri zai bi kalma-kalma ya jera, in kuwa guda ta ɓace nan take za a gane, domin kalmar ƙasa ba za ta dace da ta sama ba. A ƙarshe kuma ya rubuta cewa littafi ya cika, sau da yawa da sunansa da na wanda aka rubuta wa. Mutanen da ba su da lantarki sun warware matsalar da ke damun mu yau, ta sanin ko abu ya iso cikakke.

Fataucin Gwanja da kakanninmu suka yi, daga Kano da Katsina zuwa Salaga ɗaukar goro, tafiya ce ta watanni, kuma bashi da amana ne ƙashin bayanta. Maigidan da ke saukar da fatake shi ne ma'ajin kayansu, shi ne mai tsaya musu, shi ne kuma mai tuna wa ake bi. Kusan kowane babban ayari yana da malaminsa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, ya koma Kete Karachi bayan yaƙin basasar 1892 har ya rasu a can a 1934, yana saurayi ɗan kimanin shekara ashirin ya wallafa littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa. Da babu masu bukata da bai rubuta ba. Salaga ta watse a wancan yaƙi, tsohuwar Kete Karachi kuma ruwan tafkin Bolta ya shanye ta bayan gina madatsar Akosombo, amma rubuce-rubucensa suna nan, saboda almajirai sun kwafa sun yaɗa, wasu sun tafi Jamus, wasu kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi gida-gida a shekarun 1960 ta ɗauki kwafinsu. Har a birnin Kofanhagen na Danmak akwai wasiƙun da Musulmin Kumasi da na arewa suka yi musaya, waɗanda suka faɗa hannun Turawa a yaƙin Katamanso na 1826, kuma ana karanta su yau bayan shekara kusan ɗari biyu. Abin da ya tsirar da su ba ƙarfin takarda ba ne, yawan kwafi ne a hannaye daban-daban.

Yanzu mu zo ga doka, wadda ita ce ta ba ni kan wannan rubutu. A ƙarƙashin dokar ƙayyade wa'adin ƙara ta 1972, mai bin bashin ciniki a Gana yana da shekara shida ya kai ƙara. Dokar tafiyar da haraji ta 2016 ita ma ta wajabta wa mai kasuwanci ya adana takardunsa aƙalla shekara shida. Dokar mu'amala ta na'ura ta 2008 kuwa ta yarda a gabatar da saƙon waya ko na kwamfuta a matsayin shaida, amma alƙali zai duba yadda aka samar da shi, da yadda aka adana shi, da ko an taɓa shi. Ke nan hoton fuskar waya mai nuna rabin hira, babu farko babu ƙarshe, ba zai yi nauyin da mai shi yake zato ba. Haƙƙinka yana da ran shekara shida, hujjarka kuma tana cikin na'urar da da wuya ta shekara uku a hannun mai yawon kasuwa.

Na san abin da za a ce da ni. Za a ce yawancin 'yan kasuwarmu ba su yi boko ba, saƙon murya ne ya 'yanta su daga neman mai karanta musu wasiƙa. Haka ne, kuma ban ce a daina ba. Amma mutumin da ke lissafin sidi da sefa da naira a ka, ya fi ƙarfin a ce ba zai iya gane lamba a takarda ba, kuma da yawa daga waɗanda ake ce wa jahilai suna rubuta ajami tsaf. Za a ce takarda ma tana ƙonewa. Ƙwarai kuwa, mun ga Kantamanto a farkon Janairun 2025, mun ga Adum a Kumasi a watan Maris na wannan shekarar, har ginin Ma'aikatar Harkokin Waje a Akra ya ƙone da takardunsa a Oktoban 2009. Ai shi ya sa ban ce takarda ita kaɗai ba. Wuta ba ta cin littafin da ke shago da na gidan magatakarda da hotonsu da ke waya duka a rana ɗaya.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kunya. A al'adarmu ka ce wa wanda ya girme ka, ko maigidan da ya riƙe mahaifinka, "Baba, a rubuta," kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. Wannan ita ce ainihin abin da ke hana mu, ba rashin biro ba. Amsata ita ce, rubutun ba domin ku biyu ba ne, domin ranar da ɗayanku ba ya nan ne. Wanda ya taɓa zaman rabon gadon ɗan kasuwa ya ga yadda marayu ke riƙe da wayar mahaifinsu a kulle, babu wanda ya san lambar buɗewa, masu bin sa bashi sun cika zaure, waɗanda yake bi kuwa ko ɗaya bai leƙo ba. Kuma malamanmu sun sha gaya mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a rubuta shi. Hanyar cire kunyar kuwa ita ce a mai da shi dokar ƙungiya, ta yadda ba yaro ne ya nemi dattijo ya rubuta ba, ƙa'idar kasuwa ce ta hau kan kowa.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa, da 'yan tumatir, da 'yan doya, da na kara, da sarakunan zango, shi ne kowace ƙungiya ta sami magatakarda da babban littafi mai lambar shafi. Ita ƙungiyar ta yanke adadin da in bashi ya kai shi dole a shigar: sunan mai kaya, sunan mai karɓa, yawan kaya, farashi da irin kuɗin da aka yi ciniki da shi, ranar biya, shaidu biyu. Kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa, a ɗauki hoton shafin a tura wa duka biyun a matsayin takarda, ba hoto na yau da kullum da ake matsewa ba. Littafin kada ya kwana a cikin kasuwa. Ɗan abin da za a riƙa ba magatakarda bai kai kuɗin motar zuwa kotu sau ɗaya ba, ga kuma yaranmu da suka gama sakandare suna zaune.

In ciniki ta waya aka yi shi, tsakanin Bawku da Galmi misali, to a ari dabarar malaman da. Bayan an gama ja-in-ja, mutum ɗaya ya tattara duk sharuɗɗan a murya guda, ya fara da ranar da sunayensu, ya ƙare da cewa magana ta cika, ɗayan kuma ya maimaita adadin da bakinsa, kada ya tsaya a "to, na ji." In dole sai an rarraba, a ce wannan ta ɗaya ce cikin uku. Wanda ya biya ta hannun wakili ya rubuta lambar turawar a littafinsa nan take. Duk wata uku kuma mai harka da MoMo ya nemi cikakken bayanin asusunsa daga kamfani, ya buga a takarda ya ajiye.

Su ma hukumomi akwai nasu. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa da Babban Bankin Gana su ne ke ba kamfanonin nan lasisi. Me zai hana su wajabta wa MTN da Telecel da AT su bayyana a fili, cikin Hausa da Dagbanci da Kusasanci da Gwanjanci, kwana nawa layi zai yi shiru kafin a karɓe shi, ina kuɗin da ke ciki suke tafiya, bayanin shekara nawa mutum zai iya nema, kuma me magada za su kawo in mai layi ya rasu? Ana sayen fili a gidajen rediyonmu kullum don tallar garaɓasa da cacar lambobi, minti biyu na wannan bayani ba zai karya kowa ba.

Kafin a kai ga haka, wanda yake da bashi a waje yanzu, ya zauna da wayarsa a wannan makon tun tana aiki, ya sa ɗansa ko yaron shagonsa su bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya su fitar da lissafin a takarda. Sannan ya kai wa abokin cinikinsa ranar kasuwa mai zuwa, su duba tare su sa hannu, tun ana gaisawa da dariya.